Maɓallan Roba a Bakin Mai Kakaki

Tun ranar da likita ta ajiye 'yan kwalaye biyu a gabanmu ta ce mu zaɓa, gabana ya faɗi, bai kuma daina faɗuwa ba. Jikina ya ba ni wani abu zai lalace. Abin da ban zata ba shi ne a gaban jama'a zai lalace, kuma da hannun yayana.

Mu gidan masu kakaki ne a Margilan tun zamanin kakanmu. Yayana Holmat shi ne usta, wato uban sana'a, shi ke riƙe da ƙungiya, shi ake kira in biki ya tashi. Ni Ergash ganga nake bugawa daga baya, don tun ina yaro aka yanke cewa ƙirjina ba shi da iska. Iskar da na rasa ita ce ta fito a ƙirjin ɗana Bahrom. In ya ɗaga kakaki da asuba a ƙofar gidan biki, har masu yanka karas a wurin girki sukan ajiye wuƙa su leƙo. Sanjar ɗan Holmat, wanda suke sa'a ɗaya, yana busawa shi ma, amma sautinsa kamar na saniya mai mura. Kowa ya san haka, ba mai faɗa.

Bahrom yana da haƙora biyu na sama da suka turo gaba, leɓensa ba ya iya rufe su. Holmat bai taɓa kiran sa da sunansa ba, sai Zomo. A gidan biki, in an kawo mana farantin osh, dafa-dukar shinkafarmu ta biki, sai ya ce da ƙarfi, “Ku janye shinkafar nan daga gaban Zomo, karas ɗin ba zai kai ga baƙi ba.” A yi dariya. Yaron ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin abinci da hannu a kan baki.

Da ya shiga shekara sha shida, ya ce wa uwarsa Mastura yana son a gyara masa haƙora. Mastura ta tasa ni gaba har na kai shi Fargona wurin wata likitar haƙori, Feruza opa, wato yaya Feruza.

Ta buɗe kwalin farko. 'Yan maɓallai ne na ƙarfe, kowane bai kai ƙwayar wake ba, waɗanda ake manna wa a kan kowane haƙori. Na kwali na biyu kuwa na roba ne, farare, launin haƙori.

“Kalli nan, Ergash aka,” ta ce (aka shi ne yaya namiji a wurinmu), ta ɗora ɗaya a yatsanta. “Ka ga tsagin nan na tsakiya? Cikinsa waya take zama, ita ce ke jan haƙori a hankali. Waɗannan 'yan kunnuwan kuma su ke riƙe ta. Na ƙarfe tsaginsa ba ya buɗewa, amma kowa zai gan shi daga nesa. Na roba ba a ganin sa sosai, yana da santsi a leɓe, sai dai ba shi da juriya. In ana danne shi kullum, tsagin yana buɗewa, wayar ta riƙa rawa a ciki. In ya ciji abu mai tauri, kunnuwan su ɓalle. Wace sana'a yake yi?”

Na ce kakaki yake busawa.

Ta rufe kwalayen. “To ko wanne kuka zaɓa, ya ajiye kakakin nan sai na cire.”

Bahrom bai ko kalli na ƙarfen ba. Ya san bakin baffansa. Aka manna masa na roba, muka dawo gida yana ta taɓa su da harshe yana murmushi a gilashin mota.

Washegari na sami Holmat a gidan shayi na bakin kasuwa. Na zuba masa shayi da hannuna, na faɗa masa duk abin da likita ta ce, ban rage komai ba. A raina ina cewa komai halinsa, jininsa ne, zai ɗaga wa yaron ƙafa. Ya kuwa saurare ni da kyau, abin da bai saba ba. Har tambaya ya riƙa yi.

“Me ke karya shi, ka ce?”

“Abu mai tauri, aka. Busasshen cuku, ƙwallon 'ya'yan itace, ɓawon gurasar da ta kwana, sukarin dutse. Sai kuma dannewar bakin kakaki.”

“Ikon Allah,” ya ce. “Wato ka saya wa Zomo haƙoran 'yar tsana.” Ya kurɓi shayi. “To ka ji nawa. Gwiwoyina sun gaji. Bana zan ba da fatiha, da zarar an gama tsinkar auduga an gama bukukuwa. Wanda ya busa lokacin biki, shi zai zauna a gabana. Wanda ya zauna a gida yana jinyar roba, ya ci gaba da zama.”

A wurinmu, ɗalibin da ustansa bai yi masa fatiha a gaban dattawa ba, ba mai busa ba ne, ko da sautinsa yana tsaga dutse. Ba mai kiran sa biki, ba ƙungiyar da za ta ɗauke shi. Kuma Holmat sau ɗaya zai bayar.

“Aka, shekara ɗaya ce kawai. Ka jira shi.”

“Ni zan jira shi? Kai fa ka tsufa da wauta, Ergash.”

Na faɗa wa Bahrom yadda muka yi. Asubar farko ta lokacin biki na tarar da shi a zaure ya riga ni shiryawa, yana haɗa gaɓoɓin kakakinsa.

Haka aka shiga kaka. Biki yau, biki gobe, wani lokacin gida biyu a yini. Kakaki ba algaita ba ne. Tsawonsa ya fi mutum, in ka ɗaga shi sama kana juya shi, rabin nauyinsa a kan leɓenka yake, abin da ke bayan leɓe kuma shi ke ɗauka. Daga inda nake tsaye da ganga ina ganin jijiyar wuyan Bahrom tana tashi, ina lissafin abin da ke faruwa da robar nan a bakinsa. Sau da yawa na kuskure kiɗa, Holmat ya juyo ya harare ni.

Ba a daɗe ba maɓallan suka daina zama farare. Shayi da man osh suka rina su, suka koma rawaya-rawaya. Abin da aka saya don kada a gani ya zama shi ake fara gani. Wata safiya a gidan wani mai sayar da siliki, Holmat ya kama haɓar yaron ya juya fuskarsa ga masu dafa abinci.

“Ku zo ku ga masara ta nuna! Wa ke da garwashi?”

Suka yi dariya har da riƙe ciki. Sanjar ne kaɗai bai yi ba, ya kau da kai.

Maɓalli na farko ya ɓalle ana tsakiyar rakiyar ango. Bahrom ya tofar da shi a tafin hannu ya sa a aljihu, ya ci gaba da busa. Muka koma Fargona. Feruza opa ta kunna fitila a bakinsa, ta kira ni ta ce in matso.

“Yana busawa,” ta ce. Ba tambaya ba ce. Ta taɓa wayar da ɗan ƙarfenta, na ga tana motsi cikin tsagin kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. “Ka gani? Tsagin ya buɗe. Wayar ba ta riƙe komai yadda ya kamata. Haƙorin dama ya tsaya inda yake. Na hagun nan kuwa, kakaki yana tura shi ciki da safe, waya tana jan sa wani gefen da yamma. Haka ake yi wa turke in ana son tumɓuke shi. Ko dai ya daina busa, ko aƙalla mu koma na ƙarfe, shi zai riƙe wayar. Zai yanke masa leɓe, amma leɓe yana warkewa.”

Na sake komawa wurin Holmat. A ƙofar gidansa na same shi yana goge kakaki da toka. Na ce masa likita tana son ta sa na ƙarfe. Ya yi dariya har haƙoransa na zinare guda huɗu suka fito.

“Aka, kai ma ai ƙarfe ne a bakinka.”

“Zinare ado ne, sakarai. Wancan linzami ne. Ba na tsayar da jaki da linzami a ƙofar gidan mutane ranar farin cikinsu. In ya sa, ya koma baya kusa da kai, ya riƙe maka sandar ganga.”

Da yamma na zaunar da Bahrom a tsakar gida. Na ce ya haƙura da fatihar nan, haƙori ba ya sake fitowa, Allah zai buɗe wata ƙofar. Mastura tana bakin murhu tana jin mu.

“Wace ƙofa, dada?” ya ce da ni. “Irin wadda ya buɗe maka? An ce maka ba ka da iska, ka ce to, ka koma baya. Har yau kana baya. Ko sau ɗaya ka taɓa ɗaga kakakin ka gwada?”

Uwarsa ta daka masa tsawa. Aka manna masa sabon maɓallin roba a gurbin wanda ya ɓalle, ya ƙarasa bukukuwan kaka. Kullum yana cin abinci da gefen baki, gurasa ma sai ya jiƙa ta a shayi. Na riƙa gaya wa kaina cewa in dai muka kai ranar fatiha lafiya, zan karɓe kakakin in kulle shi a akwati har sai likita ta gama aikinta.

An yi zaman fatiha da rana a tsakar gidan Holmat, ƙarƙashin rumfar inabi da ganyenta ya fara zuba. Dattawan unguwa sun zo, da masu busa daga Kuva da Rishton, da Hoji Sotvoldi wanda ya yi zamani da mahaifinmu. Muka kawo wa usta alkyabba da hula kamar yadda ake yi, Mastura ce ta ɗinke su da hannunta. Aka ci osh, aka sha shayi. Aka zaunar da Sanjar da Bahrom a gaban Holmat, gwiwa a ƙasa.

Gidanmu yana da al'adarsa tun kakanmu. Kafin fatiha, usta yakan sa wa ɗalibi sukarin dutse a baki da hannunsa, ɗalibi ya tauna har a ji ƙararsa, don sautinsa ya yi zaƙi. Daga nan ya tashi ya busa, sannan a ɗaga hannu. Abin da usta ya miƙa ba a mayar da shi. Wallahi ban manta da al'adar ba. Amma a idona aka yi wa mutum uku, kowane ɗan ɓarɓashi aka ba shi, wanda ko jariri zai narkar a kan harshe.

Aka kawo faranti. Holmat ya tsinci ɗan ƙarami ya sa wa Sanjar. Ƙaras, ya wuce. Sanjar ya tashi ya busa yadda ya saba, dattawa suka gyaɗa kai don kara.

Sai Holmat ya sa yatsa yana juya abin da ke farantin, bai yi sauri ba. Ya ɗago wani dunƙule mai girman ƙwan tattabara, rawaya, mai kusurwa kamar fasasshiyar kwalba.

“Aka,” na ce, na yunƙura.

“Mai ganga, wa ya ce ka buga?” Bai ko kalle ni ba. “Buɗe baki, Zomo. Sautinka ya fi na kowa girma, in ji mutane. To ga rabonka daidai sautinka.”

Bahrom ya buɗe baki. Na ga yana ƙoƙarin tura dunƙulen gefe da harshe, wajen turame.

“A'a. Da na gaba, yadda kakanka ya yi. Allah ya ba ka manya guda biyu, ko na aro ne?”

Wani daga cikin baƙi ya yi 'yar dariya, sannan ya haɗiye ta. Bahrom ya dubi baffansa, ya dubi dattawa. Ni bai dube ni ba. Ya cije.

Ƙarar da na ji ba ta sukari kaɗai ba ce. Wani abu ya yi tsalle ya faɗa kan shimfiɗar abinci kusa da kofin Hoji Sotvoldi. Wayar ta kuɓuce daga maɓallan gaba, bakinta ya miƙe ya shige leɓensa na sama daga ciki, har na ga tsininta ya ɗaga fatar daga waje. Yaron bai yi ƙara ba, hawaye ne kawai suka zubo. Jini ya biyo haɓarsa ya ɗiga a sabuwar rigarsa.

Holmat ya miƙa hannu ya ɗauki gutsuren robar, ya ɗaga shi ga haske.

“Jama'a, kun gani? Da abin nan ake so a gaji kakanmu. Ko maɓallin rigata ya fi shi ƙwari.” Ya jefa shi cikin kwanon wanke hannu. “To, an ji ƙara. Tashi ka busa.”

“Holmat, ya isa haka,” in ji Hoji Sotvoldi. “Yaron nan jini yake yi.”

“Hoji aka, ni na kafa al'adar? Ba a fatiha sai an busa. In ba zai iya ba ya faɗa da bakinsa, ba wanda ya ɗaure shi.”

Na kama hannun Bahrom na ce mu tafi. Ya fizge. Ya sa yatsu biyu ya zare wayar daga leɓensa, ya lanƙwasa ta gefe. Ya ɗauki kakakinsa ya tsaya tsakiyar fili, ya ɗaga shi sama, ya danna bakin kakakin a kan wancan raunin.

Abin da ya fito ban taɓa jin irinsa daga gare shi ba. Iska ce da kumfa, sai wani ɗan kuka siriri da ya tsinke a tsakiya. Ya sake gwadawa. Kakakin ya yi rawa a hannunsa, ƙarshensa ya sauko ya bugi itacen rumfa. Daga ɗakin mata na ji muryar Mastura tana kiran sunansa. Da ya sauke, bakin tagullar ya yi ja.

“Kun ji da kunnenku,” in ji Holmat. “Ni ban hana shi komai ba. Bai nuna ba tukuna.” Ya juya ga ɗansa. “Sanjar, matso.”

Ya ɗaga hannuwa. In an ɗaga hannu don fatiha, ba mai barin nasa a ƙasa. Dattawa suka ɗaga, masu busa suka ɗaga, Hoji Sotvoldi ya ɗaga yana kallon ƙasa. Sanjar yana kuka ana yi masa addu'a. Bahrom yana tsaye shi kaɗai da kakaki a hannu, yana haɗiyar jini, har aka shafa.

Wani maƙwabci ya kai mu Fargona a motarsa. Feruza opa ba ta yi mana faɗa ba, gara ma ta yi. Ta yanke wayar, ta ɗinke leɓen, ta kankare ragowar robar ɗaya bayan ɗaya. Wasu a gutsure suka fito, don sun riga sun tsage tun kafin yau. Da ta taɓa haƙorin hagu, na ga ya motsa da idona. Ta ɗauki hotonsa, ta ɗaure shi da maƙwabtansa daga baya da wata siririyar waya da gam.

“Saiwarsa ta riga ta gajarta saboda girgizar da ya sha,” ta ce, tana nuna mini wata inuwa a hoton da ban gane ba. “Yau kuma ya sha bugu. Jijiyar da ke cikinsa ko ta rayu ko ta mutu. In ta mutu, za ku ga launinsa yana dushewa, ya koma toka-toka. Ba yau ba, ba gobe ba. Sai an yi watanni.”

“In ta mutu fa?”

“Zan yi ƙoƙarin riƙe shi a wurinsa. In saiwar ta ƙi, sai cirewa.”

Bahrom ya yi magana ta cikin auduga, da kyar aka gane. “Kakaki fa, opa?”

Ta cire safar hannunta, ta jefa a kwando. “Ba zan yi maka ƙarya ba, ƙanena. Ban sani ba.”

Bayan kwana kaɗan Holmat ya tsaya a ƙofar gidanmu, bai shigo ba. Ya ƙwala mini kira daga waje yadda ya saba.

“Ergash! Jibi akwai sunan jariri a unguwar masaƙa, ka zo da ganga da wuri. Yaya Zomo? Ka ce masa in haƙorin ya faɗi kada ya yar, zan sa a yi masa na zinare. Ko ba komai ya sami abu ɗaya irin na usta.”

Bahrom yana kwance a ɗakin da ke kusa da ƙofa, taga a buɗe. Mastura ta fito da tsintsiya a hannu, na tare ta. Holmat ya tafi yana dariya.

Na je Kokand wurin wani tsohon usta da ya san mahaifinmu, na tambaye shi ko zai karɓi Bahrom in ya warke. Ya ce ya taɓa jin busar yaron a wani biki, bai manta ba. Amma usta ba ya ɗaukar ɗalibin wani sai da yardar mai shi, kuma shi ba zai fara ba. Ya ce in roƙi Holmat. Ya ce wataƙila in an kwana biyu zuciyarsa ta yi sanyi.

Leɓen ya warke, ya bar ɗan tudu daga ciki. Bahrom ba ya magana da yawa yanzu, ba ya kuma barin in duba bakinsa. Sai in yana cin abinci nake satar kallo. Wata rana in ga kamar haƙorin ya ɗan yi duhu, washegari in ga kamar hasken ɗakin ne. Mastura ta ce ita ba ta ga komai ba. Har yanzu ba mu sani ba ko haƙorin yana da rai, ba mu kuma sani ba ko bakin nan zai sake ɗaukar kakaki.